Yadda Ake Yi wa Mai Ɗumamen Zance Shari'a a Shagon Gem

Akwai wani Bazazzagi mai sayar da agogo da tabarau a shagon da muke buga gem a Agege, wanda ya taɓa cin wani abokinmu shida da nema a PES, wato gem ɗin ƙwallon ƙafa. Abin ya faru tun ana yayin PlayStation 2, tun ba a yi mafarkin gadar Pen Cinema ba. Wanda aka ci ɗin ya yi aure, ya haifi uku, babban har ya shiga sakandare. Amma ko yau ka zauna kusa da Bazazzagin nan ka ce, "Kai, Legas ta yi zafi," sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai ba zafi ba ne. Da ka ga gumin da mutumin nan ya yi ranar da na ɗura masa shida..."

Saboda irinsa muka kafa kotu. Ni aka naɗa alƙali, don ni mai gyaran waya ne a Computer Village, na saba sauraron mutum yana rantsuwa cewa wayarsa ba ta taɓa shiga ruwa ba alhali ina kallon tsatsa a cikinta. Samarin Idi-Araba da na Alaba Rago sun sha tambayata yadda muke yi, har wani mai tumatir daga Mile 12 ya zo takanas ya ga zama ɗaya. To ga shi na rubuta. Mai son kafa tasa ya ɗebi abin da ya yi masa.

Da farko ka san dalilin yin ta. A gida, in kun ɓata da 'yan majalisarku, kana tsallaka titi za ka sami wata. A Ikko benci ɗaya ne, talabijin biyu, janareta ɗaya, kuma mai gidan da ya ba da hayar shagon yana bene yana jin duk wani ihu. Ranar da musu ya kai ga cin kwala, kashegari takardar tashi za ta iso, kowa ya rasa inda zai sauke gajiya bayan ya sha cunkoson Oshodi. Na kuma lura sabon musu ba ya kawo faɗa, ana yi ana shewa. Tsohon shi ne mai dafi, wanda aka fama sau ashirin har wurin ya ƙi warkewa. Kotun nan hanya ce ta ce wa mutum "ya isa haka" kuma gobe ku ci abinci a kwano ɗaya.

Sa wa zance wa'adi

Ba a kama mutum da ɗumame sai an yarda da lokacin da tuwo ke kwana. Mu lissafin maijego muka aro. In aka yi maka mugun ci, kwana bakwai na farko sai dai haƙuri: a yi maka waƙa, a tare ka bayan sallar Magariba a tambaye ka ya jiki, a kira ka a waya a yi shiru sai dariya. Babu mai cetonka, ni kaina da ni ake yi. Ranar bakwai an yi suna. Daga nan zuwa arba'in ana iya taɓawa jefi-jefi, in zance ya biyo ta kai. Ranar arba'in an gama wanka, magana ta koma ɗakinta. Wanda ya sake ɗauko ta bayan nan ya yi ɗumame.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da littafi. Ka sa mai shago ya ware shafukan baya na littafin da yake rubuta bashin gem, duk cin da ya kai huɗu da nema ya rubuta ranar, da sunayen mutum biyun, da kulob ɗin da kowa ya ɗauka. Kada ka raina wannan. Watanmu na farko babu littafi, sai kowace shari'a ta koma musun kwanan wata: wannan ya ce kafin azumi ne, wancan ya ce bayan Babbar Sallah. Allura ta riƙa tono garma, muka ƙara wa kanmu sabon tsohon zance.

Laifin hawa uku ne a wurinmu. Wanda ya wuce arba'in bai kai shekara ba, shi ne ɗumame. Wanda ya shekara, kwantai. A kan kwantai ne na yarda Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don in ka duba littafi za ka tarar mai kawo kwantai shi ne wanda ake ta lallasawa a 'yan makonnin nan. Hawa na uku muna ce masa kayan tarihi, wato duk abin da ya faru a kan na'urar da babu ita a shagon yanzu. PlayStation 2 ta fito a 2000, ta uku a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar a 2020. Mutum yana zaune gaban ta huɗu yana ba ka labarin ta biyu, wannan ai gidan tarihi na Onikan ya kamata ya kai hajarsa.

Babban kayan tarihin da ke kowane shago shi ne musun PES da FIFA, wato wanne ya fi a cikin gem ɗin ƙwallon biyu. Ka sa shi a hawa na uku kai tsaye, ba sai an duba littafi ba. Kamfanin Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball tun 2021. EA Sports kuma sun rabu da hukumar FIFA, FIFA 23 ne na ƙarshe, a 2023 suka fito da FC 24. Sunaye biyun duk sun yi ritaya, amma har gobe za ka ga ƙato da gemu jijiyar wuyansa ta tashi a kansu.

Bari in faɗi wani abu game da shidan Bazazzagin nan, tunda ni alƙali ne ba mai hana ni. PES 6 ne, na 2006, kuma Inter ya ɗauka. Duk wanda ya buga wannan gem ya san Adriano na ciki: ƙarfin shot 99, ga Ibrahimovic a gefensa. In ƙwallo ta hau ƙafarsa ta hagu, ko daga ina ne, gola sai dai ya yi addu'a. Biyar daga cikin shidan Adriano ne ya ci. Ko jikata aka ba hannun za ta ci uku.

Wanda ba a kamawa

Nan ne sababbin alƙalai suke yin ɓarna, sai su kama kowa. Bashi ba ya tsufa. In mutum ya ce, "Malam, hannun gem ɗin da ka fasa bara har yanzu ba ka biya ba," wannan haƙƙi ne, kotu ma taya shi karɓa za ta yi. Baƙo kuma ko da ido makaho ne. Yaron da ya sauka daga tirelar shanu shekaranjiya, ya tambayi dalilin da ake kiran wane da "Shida", bai yi laifi ba. Wanda ya gyara murya zai ba shi amsa, shi za ka sa wa ido.

Wanda aka ci yana da damar tayar da maganar kowane lokaci, da sharaɗi ɗaya: ramuwa yake nema, kuma nan take zai ɗauki hannu a buga. In ya tayar don ya ce wuta ce ta ɗauke, ko hannunsa ne ya ƙi, ko rana ce ta haske talabijin, shi ma ɗumame ya yi, har da ƙarin borin kunya.

Sai sabuwar hujja. In wani ya zo da abin da ba a sani ba a da, misali yaron shago ya yi iƙirari cewa shi ya rage wa kulob ɗin wane ƙarfi kafin a fara, to zance ya farfaɗo da izinin kotu, a ba shi sababbin kwana bakwai. Ka riƙe wannan ƙofa a buɗe, amma 'yar ƙarama. Zan dawo kanta.

Zaman kotu

Mutum huɗu kake buƙata: alƙali, dogari, mai littafi, da lauya. Dogari ka nemi mai babbar murya, namu kwandastan danfo ne a da, in ya ce "Ɗumame!" har masu gasa masara a bakin titi sai sun waiwayo. Yana faɗa, masu buga gem su tsayar da wasa, wanda ake tuhuma ya miƙe a miƙa masa murfin tukunya ya riƙe. Namu wani tsoho ne lanƙwasasshe da mai abincin layinmu ta yar. Ba a cire wa mutum hula, ba a sa shi durƙuso. Murfin ya wadatar.

Lauya shi ne gishirin abin, kuma ƙa'ida ce ya zama abokin wasan wanda ake tuhuma. Bazazzagi a ba shi Bakano. Bafulatani a ba shi Babarbare. Bakatsine in akwai Banufe a kusa, an gama. Bagobiri kuwa, a Legas ba ya rasa lauya, muna leƙawa mu kira maƙwabcinmu Bayarabe mai gyaran janareta, ya zo da Hausarsa ta Agege yana cewa a bar masa bawansa. Hikimar ita ce lauya ba ya kare kowa, ƙara dulmuyar da shi yake yi, kuma tunda wasan gado ne tsakaninsu, babu mai ikon yin fushi. Ba mu muka ƙago wannan ba. Wanda ya tashi a Kano ya san Nalako da kamun gwauro cikin azumi, ya san taubasai da karɓar kuɗin shara. Tsohuwar hanya ce muka kawo gaban talabijin.

Ga yadda zaman Bazazzagin nan na ƙarshe ya kasance.

Dogari ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an kama shi da hannu cikin tukunya."

Na ce, "Na yaushe ne?"

Mai shago ya buɗe littafi, ya rufe. "Ranka ya daɗe, ba ya cikin wannan. Ba ya cikin na gabansa. Ina jin yana cikin wanda ɓera ya cinye."

Bazazzagi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni misali kawai na kawo. Kuma ina ƙorafi: alƙali Bakano, lauya Bakano, ina adalci a nan?"

Lauya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa sassauci. Bawan Allahn nan tun daga ranar bai sake cin kowa ba. In aka raba shi da labarin nan, da me zai koma Zariya?"

Tabbatar da laifi ba ya buƙatar dogon bincike. Ka tsayar da mai laifin a tsakiyar labarinsa, ka nuna wani can gefe ka ce ya ƙarasa. Ranar yaron da ke kawo mana fiya wata na nuna, wanda ba a haifa ba lokacin da aka yi wasan. Ya ƙarasa shi tsaf, har da inda gola ya faɗi hagu ƙwallo ta bi dama, har da tafin da Bazazzagin yake yi a cinya in ya zo kan ta biyar. Shi kansa mai laifin sai da ya saki murfin don dariya.

Kada zama ya wuce minti biyar. Janareta na ci, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mai shago yake kallon agogo kamar mai jiran buɗa-baki.

Hukunci

Abin da nake dubawa kafin in yanke shi ne, hukuncin ya fito daga cikin wasan, kuma wanda aka yanke wa ya iya yin dariya yana tsakiyar yi. In kowa na dariya ban da shi, alƙali ya kauce hanya.

Na ɗumame mai sauƙi ne. A shagonmu wanda ya ci shi ke zama, saura su bi layi, don haka mayar da mutum ƙarshen layi daren Asabar ba ƙaramin abu ba ne. In ya maimaita, a ba shi Mashayi. Kowane shago yana da irinsa: hannun gem da sandarsa ta gaji, ɗan wasa yana tafiya yana karkata hagu ba wanda ya aike shi. Ƙura ce da gogayya suka cinye ɗan abin da ke ƙarƙashin sandar, aikin da zan gama kafin shayi ya huce, amma kotu ta haramta mini taɓa shi. Kada ku yar da naku. Ku sa masa jan salatif ku rataye inda kowa zai gani.

Na kwantai shi na fi so, wato juya maɓalli. Wanda ya tashi da PES, yatsansa ya san maɓalli mai alamar akwati ne shot, mai alamar zobe ne kuros, gudu kuma maɓallin R1. A FIFA abin a juye yake: zobe ne shot, akwati ne kuros, gudu R2. Duka gem ɗin suna barin a sauya wannan a wurin saiti. To ɗan PES a ɗora masa tsarin FIFA, ɗan FIFA a ɗora masa na PES, wasa uku a jere. Kansa ya san an sauya, zai ma riƙa faɗa a fili, "zobe, zobe, zobe." Amma yatsan da ya shekara goma sha biyar yana abu ɗaya ba ya jin magana. Sai ya yanke 'yan baya biyu, ya rage daga shi sai gola, shago ya yi tsit, ya danna, ƙwallo ta tashi sama ta nufi tutar kwana kamar an aike ta. Na ga mutum ya ajiye hannu ya kalli babban yatsansa ya ce, "Kai ma da kai za a haɗa baki?"

Abu ɗaya: a gefensa kaɗai za a sauya, kuma dogari ya tabbatar an mayar bayan an gama. Mun taɓa mantawa, wani Alhaji mai canji da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zauna ya sha huɗu. Sai da muka kai masa goro har gida.

In kana son ƙara masa yaji, ya ɗauki kulob mafi ƙarancin tauraro a jerin, abokin karawarsa ya ɗauki Real Madrid, kuma duk ƙwallon da aka zura masa shi zai miƙe ya yi wa mai cin kirari. Tunda tuna baya shi ne roƙo, to ya yi roƙon da hujja.

Mai kayan tarihi kuma jarrabawa ake fara yi masa, tunda ya ce shi ɗan da ne. A shekarun da Konami ba ta da lasisin kulob ɗin Ingila, wane suna ta sa wa Chelsea? London FC. Liverpool fa? Merseyside Red. Manchester City? Man Blue. Kawo biyu daga 'yan wasan ƙarya da ake fara Master League da su, wato gasar gina kulob ta cikin PES. Castolo da Minanda. In ya ci, an rage masa tara. In ya faɗi, ya tabbata ko tarihin ma bai riƙe ba, cin da ya yi kawai ya riƙe. Ko ya ci ko ya faɗi dai, ƙarshenta wurin janareta za shi.

Wannan shi ne hukunci mafi girma da muke da shi. Dogari ya raka shi bayan shago, ya tsaya gaban janareta tana ruri, ya ba ta labarin daga farko har ƙarshe, da nunin hannu da komai, ba tsallake. Mu muna leƙe ta taga, muna ganin baki na motsi, hannu na zana yadda ƙwallo ta lanƙwasa, ba ma jin ko kalma. Daga ranar labarin ya zama mallakar janareta. Duk mai son ya sake ba da shi, sai ya je ya nemi izininta, ya dawo da shaida cewa ta amsa.

Abin dariya ne, amma yana aiki fiye da duk sauran, kuma na san dalili. Mai ɗumame ba labarin ne ya dame shi ba, fuskar wanda ya ci yake son kallo yana ba da shi. Da ka raba shi da fuskar, ya ji muryarsa ita kaɗai, kafin ya kai ƙwallo ta uku ya gundura da kansa. Yanzu har maganar ta fita daga shago. Ran nan na ji wani a tashar mota yana ce wa ɗan'uwansa, "Don Allah kai wa janareta."

A nan ba wasa: janareta a fili take, mutum ya tsaya ta inda iska ke kore hayaƙi, kuma minti biyu ya isa. Hayaƙin nan yana kisa ba tare da mutum ya ji komai ba, duk wanda ya zauna a Legas ya ji labarin gidan da aka kwana da ita a ciki aka wayi gari babu mai motsi. In taku a lungu take ko a cikin ɗaki, ku canza, ya ba fanka labarin.

'Yan Whot da 'yan ludo da ke ƙofar shago su ma suna ƙarƙashinmu. Ɗan Whot a ƙara masa kati biyar tun daga rabo, kuma in 20, katin da ake kiran abin da ake so da shi, ta fara zuwa hannunsa ba shi da ikon kiran komai da ita. Ɗan ludo sai ya jefa shida sau biyu kafin ya fito da ɗa na farko. Dattawan da ke dara a gindin bishiya kuwa ba huruminmu ba ne. Su tsohon zance shi ne abincinsu, kuma sun girme mu.

Tara, da inda ake tsayawa

Kada kuɗi ya shiga. Da an ga naira a kan benci kusa da gem, sunan abin ya zama caca, ga haramci ga jawo idon da ba a so. Mu a kaya muke karɓa: ledar fiya wata mai guda 20 ga ɗumame, burodin Agege biyu da shayi ga kwantai, goro ga kayan tarihi. Goron ma ya dace da wurin, don fataucinsa na cikin abin da ya zaunar da kakanninmu a Agege. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, kotunmu ce kaɗai ma'aikatar da ba ta tsaya ba. Kuma kofin farko na mai laifi ne, shi ake fara zuba wa. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara wurin mai shayi, sai dai ban taɓa ganin ya rushe hukunci ba, tunda a teburinsa ake kashe tarar.

Mun taɓa gwada sa mai laifi ya ci ɗumame na gaske, tuwon jiya da miyar kuka. Kuskure ne babba. Gwagwaren da suka yi wata shida ba su ga tuwon gida ba suka fara aikata laifin da gangan, har da layi.

Babu duka, babu tsallen kwaɗo, babu ɗaukar hoto ko bidiyo a tura wa mutanen gida. Ba a sako iyaye ko matar mutum. Da an kira sallah an tashi kotu, kuma in aka dawo ƙarar ta mutu, wanda ya tayar da ita shi ne sabon mai laifi. Akwai lokacin da samari suka so a riƙa yi wa tsohon zance jana'iza, da takarda a matsayin likkafani. Ladanin masallacinmu ya ji, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, ku yi wasanku, amma ban da wannan." Gaskiyarsa ce, ba mu sake ba.

Sannan ka dubi fuskar mutum kafin ka bari dogari ya yi ihu. A watan Yunin 2022, da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, wani yaro ɗan Haɗeja ya shigo da daddare ya zauna shiru. Can sai ya fara ba da labarin wani ci biyar da ya yi wa wani tun kafin korona. Dogari ya yi ihu, aka miƙa masa murfi, na yanke masa Mashayi da burodi biyu. Ya karɓa, ya buga, bai ce komai ba, ya tafi. Sai da safe na ji ashe ranar aka kama masa babur, kuma bai gama biyan kuɗinsa ba. Cin nan biyar shi ne abu mai daɗi ɗaya da ya samu ya riƙe a daren, ni kuma na ƙwace. Mako uku bai leƙo ba. Da ƙafata na je ɗakinsu da burodinsa biyu, na zauna na ce ya ba ni labarin tun daga farko, don ni ban ji shi da kyau ba. Tun daga nan dogari ba ya buɗe baki sai ya kalle ni na gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne muka ba lasisin ɗumame na dindindin, wani dattijo mahauci daga abbatuwar Oko-Oba. Ba ya buga gem, zama kawai yake yi yana kallo. Yana cikin filin wasa na Surulere ranar 13 ga Fabrairun 2000, wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kamaru. Eto'o da Mboma suka ci biyu, Chukwu ya rama ɗaya, Okocha ya farke daga nesa, aka je fanareti. Na Ikpeba ya daki ƙarfen sama ya dira bayan layi ya fito, shi kansa ya ɗora hannu a ka, rafali ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, Rigobert Song ya buga na ƙarshe Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3. Baba ya ce daga Surulere har Agege a ƙafa ya dawo, bai san ya iso ba. Mun yanke cewa sau ɗaya a shekara, cikin Fabrairu, a kashe talabijin a ba shi benci ya ba da shi yadda yake so.

Bana yana gamawa, wani yaro da aka haifa shekaru bayan wasan ya lalubo bidiyon a wayarsa. Suka taru a kai su bakwai, suna mayarwa baya suna sake kallo. Sai ga lauyan Bazazzagi ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙwallon nan ta shiga. Mu yau muka gani. Wannan sabuwar hujja ce, muna neman a ba Baba sababbin kwana bakwai."

Na ce hujjar ta girmi rabin mutanen da ke shagon. Suka ce a wurinsu sabuwa ce. Baba na gefe yana ɓare goro, bai ce uffan ba, amma na ga ya gyara zaman hularsa. Na ɗage zaman zuwa Juma'a bayan La'asar, kuma na ji Bazazzagi yana tambayar yaron ko ana iya samo wasan PlayStation 2 na 2006 a waya.